Kurakuran da aka fi yi wajen kwafe tsofaffin fayafayan rock zuwa FLAC

Mutane da yawa na ɗauka cewa da zarar waƙa ta zama FLAC, sautinta ya kai maƙura. Alhali FLAC, wato wani nau'in fayil ɗin sauti, ma'ajiya ce kawai. Abin da ke kan CD shi take riƙewa, ba ragi ba ƙari, har da aibinsa.

Aibin kuwa ya fi yawa a fayafayan da suka tattaro waƙoƙin shekarun 1960 da 1970. Sau da yawa kamfani ba ya neman tef ɗin asali na kowace waƙa, sai ya ɗauko kwafin kwafi. Wata waƙar mono ce, wato mai hanyar sauti ɗaya, aka raba ta hagu da dama da dabara ta zama sitiriyon bogi. Wata ma mawaƙin ne ya sake rera ta bayan ya manyanta, aka rubuta hakan da ƙananan haruffa a bayan kwali. Don haka karanta kwalin tukuna, in ya so ka nemi wani bugun.

Kada kuma kalmar “remastered” (wato an sake gyara sautin) ta ruɗe ka. Tun shekarun 1990 ake matse sauti don ya yi ƙara, sai ganga ta rasa dukanta, kunne ya gaji da wuri. A ganina bugun shekarun 1980 ya fi daɗin ji sau da dama. Sai dai yana da nasa tarkon: wasu CD na farko, musamman na Japan, an ɗaga musu siririn sauti da gangan, na'urar CD ce ke sauke shi da kanta. Fayil ɗin da ka kwafa yakan fito da shi a ɗage, jita tana huda kunne. Umarnin deemph na manhajar SoX yana gyara wannan.

Wajen kwafewa, yi amfani da manhajar Exact Audio Copy ko XLD, ka bar AccurateRip, rumbun bayanai na intanet da suke aiki da shi, ya gwada sakamakonka da na sauran masu irin faifan. Ta haka za ka gane ko ƙarzuwa ta ɓata wani wuri.

Idan fayil ɗin ba kai ka kwafa ba, buɗe shi da Spek, manhajar da ke zana hoton sauti daga mai kauri zuwa siriri. MP3 mai 128 kbps da aka mayar FLAC yakan nuna yanka miƙaƙƙe wajen 16 kHz, a sashen siririn sauti, shi kuwa tsohon tef a hankali sautinsa na sama yake dushewa.

Mayar da CD zuwa bit 24 (ma'aunin yawan bayanan da ake adana sauti da su) cin wuri ne kawai, tunda a bit 16 da 44.1 kHz aka buga shi.