Yadda Bakano Zai Koyi Sunayen Dangi da Amharanci

'Yan kasuwar Kantin Kwari da ke tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, su yada zango a Addis Ababa kafin su wuce Sin, suna yawan haɗuwa da Habashawa, kuma gaisuwar mutanen can, kamar tamu, ba ta cika sai an tambayi gida. Wanda yake son koyon sunayen dangi da Amharanci, harshen da ake yi a Addis Ababa, ya gina su a kan Hausarsa kai tsaye, domin bi ta Turanci na ɓoye masa kamannin da za su rage masa wahala.

A fara da 'yan cikin gida. Uba shi ne abbat, uwa kuwa innat, kuma duk wanda ya tashi yana kiran Abba da Inna ba zai manta da su ba. Ɗan'uwa wandim, 'yar'uwa ihit, ɗa ko 'ya lij. Idan ana son bambantawa sai a ce wand lij ga namiji, set lij ga mace. A intanet za a ga an rubuta "wendim", amma wasalin ya fi kusa da gajeren "a" na Hausa, don haka a saurari mai harshen kafin a haddace. Babu kalma guda ta wa ko ƙane, sai dai a ce tallaƙ wandim ga babba, tannash wandim ga ƙarami, kuma ƙ ɗin nan da ke wahalar da Turawa tamu ce sak.

Daga nan sai a ɗauki takarda a zana gidan kai, a rubuta sunan kowa tare da kalmarsa. A nan ne za a ga inda harsunan suka rabu. Mu mun raba kawu da baffa, mun raba goggo da inna, su kuwa agot ya haɗa ɗan'uwan uwa da na uba, akist ta haɗa matan duka. Kaka, namiji ko mace, ayat ne, jika kuma yalij lij, wato ɗan ɗa. Da wannan "ya" ta mallaka ake gina sauran, misali ya'agot lij, ɗan kawu ko ɗan baffa. Miji bal, mata mist, amma a gaban mutane an fi ladabi da balabet, wadda ma'anarta mai gida ce, sai dai su suna faɗinta ga miji da mata baki ɗaya. Uwar miji ko uwar mata amat ce.

Abin da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci shi ne ɗafin mallaka, domin ba kasafai ake faɗin kalmar tsura ba. Mahaifina abbate, mahaifinka abbatih, mahaifinki abbatish, kuma ga dattijo, wanda mu za mu ce wa "ku", ana cewa abbatwo. Bambancin "ka" da "ki" ba baƙo ba ne ga Bahaushe, sai dai a juya kowace kalma da baki har ta zauna: innate, innatih, innatish. Jam'i kuwa da "oc" ake yi, lij ya koma lijoc, zamad, wato ɗan dangi, ya koma zamadoc.

A kula kuma da cewa sunan Bahabashe na biyu sunan mahaifinsa ne, mace ba ta sauya shi da aure, kuma da sunan farko ake kiran mutum, a sa Ato ga namiji, Waizaro ga matar aure. Dattijon da aka saba da shi ana ce masa Gashe. Da zarar waɗannan sun zauna, sai a gwada a kan abokin ciniki: "Betasab indet naw?", wato yaya iyali, shi kuma zai amsa da "Dahna naw", lafiya lau.