Yadda Ake Zaɓen 'Yan Wasa Don Wasan Dandamali Mai Waƙa Kan Tsufa

Duk wanda ya tashi a Gombe ya ga yaran tashe a watan azumi sun manna wa ɗayansu gemun auduga, sun ba shi sanda, yana rangaji yana tari ana dariya. Wannan ya dace da tashe, amma wasan da zai yi magana kan ritaya, jiran fansho, rasuwar abokin zama da kewar 'ya'yan da aiki ya kai Abuja ko Legas ya fi ƙarfin gemun auduga. Shawarata ita ce a ba dattawa na gaskiya manyan rawar da za a taka, wato manyan matsayi a labarin, matasa su fito a matsayin 'ya'ya da jikoki.

Da farko a rubuta bayanin kowace rawa: shekarun mai ita, yawan waƙoƙinta, da ko za a yi ta a zaune ko a tsaye. Mutum 6 zuwa 8 sun ishi ƙaramin wasa.

Daga nan sai nema, wanda shi ne mataki mafi wuya, domin dattijo ba ya amsa sanarwar Facebook. Dole a taka a je: wajen malaman makaranta da suka yi ritaya, da waɗanda suka taɓa wasan kwaikwayo a gidan rediyo, da matan da suka saba da kiɗan ƙwarya a gidajen biki na Jekadafari, Bolari ko Pantami. A fara da gaisuwa, a bayyana labarin gaba ɗaya, sannan a nemi yardar maigida ko manyan 'ya'ya inda al'adar gidan ta buƙaci haka. Wasu za su ce waƙa a bainar jama'a zubar da girma ce. Wanda ya ce haka a gode masa, kada a matsa.

Ranar tantancewa a sa ta da hantsi, a tashi kafin azahar, musamman a zafin Maris da Afrilu. A tanadi kujeru da ruwan sha, kuma kada a sa Baba ko Hajiya a layi tare da yara. A fara da waƙa kafin magana. Kowa ya rera wadda ya sani tun ƙuruciya, mai kalangu ya bi muryarsa maimakon ya ja shi. Abin da darakta zai saurara biyu ne: ko numfashi yana kai mutum ƙarshen baiti, da ko kalmomi suna fita sarai, tunda rashin haƙora yakan cinye sautin "s" da "ts" har na kujerar baya ya rasa zancen. Rawar murya kuwa ba aibi ba ce, sau da yawa ita ake nema.

Bayan waƙa sai karatu. A buga rubutun da manyan baƙaƙe, wanda ya fi sabawa da ajami a rubuta masa da ajami, wanda ba ya karatu a karanta masa ya maimaita, daga baya a ɗaukar masa a waya domin hadda. Idan harshen mutum ya nuna Fulatanci, Tangale ko Tera, a bar shi haka, domin haka Hausar garin take.

Kada a yanke hukunci kan mata da miji a wasan sai an haɗa su. A shimfiɗa musu tabarma, a ce su yi gardama kan kuɗin cefane, sannan a lura da yadda suke kallon juna lokacin da zancen ya yanke.

Kafin a sanar da sakamako, a tambayi kowa a keɓe game da hawan jini, ciwon suga da ciwon gwiwa, a tanadi wanda zai maye gurbin kowace babbar rawa, a kuma faɗi kuɗin Keke Napep na ranakun gwaji tun yanzu. Waɗanda ba a ɗauka ba, darakta ya je gidajensu da kansa ya shaida musu, ya kuma yi musu tayin shiga cikin 'yan amshi.