Yadda Ake Koyon Naci Daga Aikin Thomas Edison

Duk wanda yake son yin koyi da Thomas Edison, Ba'amurken nan mai ƙirƙire-ƙirƙire da ya rayu daga 1847 zuwa 1931, ya fara da tanadin littafin rubutu. A ɗakin bincikensa na Menlo Park da ke jihar New Jersey, shi da ma'aikatansa sukan rubuta gwajin da suka yi, ko ya yi kyau ko ya lalace, har littattafan da ya bari suka kai dubbai. Kai ma ka rubuta ranar gwaji, da kayan da ka haɗa, da abin da ya auku, tun kafin takaici ya mantar da kai.

Idan gwaji ya ƙi, kada ka sake shi kamar yadda yake. Ka nemo inda matsalar take, ka sauya wannan wurin kaɗai, domin in ka sauya abubuwa da yawa a lokaci guda ba za ka san wanda ya yi tasiri ba. Wahalar kwan lantarki tana ga siririn zaren cikinsa, wanda yakan ƙone da zarar ya ɗauki zafi. Edison ya gwada ƙarfen filatinam, ya ga tsadarsa ta yi yawa, sai ya koma kan gawayi, kuma ya dage wajen tsotse iskar cikin kwalbar don kada zaren ya cinye da wuri. A watan Oktoba na 1879, zaren auduga da aka gasa har ya zama gawayi ya yi haske fiye da awa 13. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a nan ba. Ya ci gaba da gwada tsirrai iri-iri har ya dace da itacen gora na Japan, wanda zarensa ya haura awa 1,200 yana ci.

Ka kuma tambayi kanka ko akwai mai bukatar abin da kake wahala a kansa. Na'urar ƙidayar ƙuri'un 'yan majalisa da ya yi wa rajista a 1869 tana aiki sarai, amma ba wanda ya saya.

Wani lokaci naci yakan bukaci ja da baya. Da batirin da ya fitar ya fara yoyo a hannun masu saye, Edison ya dakatar da sayar da shi, ya shafe shekaru yana gyara kafin ya mayar da shi kasuwa. Haka kuma da kamfaninsa na tace tama da maganaɗisu ya durƙushe, bayan an samu tama mai araha a jihar Minnesota, bai bar injinan niƙa dutsen su yi tsatsa ba. Kafin ka watsar da aikin da ya ƙi, ka zauna ka lissafa kayan aiki da ƙwarewar da ya bar maka. Edison ya kwashi nasa ya shiga sana'ar siminti da su.