Yadda Ake Tattara Tarihin Gasar Hurling ta Ɗaliban Ayalan a Ƙasashen Waje

Duk wanda ya taɓa zama kusa da dattawa a filin kokowa na Maraɗi ya san cewa tarihin takobin da ake ba zakaran kokowa na ƙasa ba ya ɓata, domin akwai masu iya jero sunayen zakaru tun daga Yakuba Ango Kantu, wanda ya ɗauke shi a Tawa a 1975, kuma makaɗa suna riƙe da sauran bayani a cikin kirari. Gasar ɗalibai ba ta da wannan gata. Ƴan wasanta da shugabanninta da masu kallonta duk baƙi ne masu jiran takardar kammala karatu, kuma a cikin shekara uku ko huɗu sai a wayi gari babu ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ga wasan farko. Lamarin ya fi tsanani idan ɗaliban suna zaune a ƙasar da ba tasu ba, kamar ƴan Ayalan da ke buga hurling, wasan gargajiyarsu na sanda da ƙwallo, a jami'o'in Birtaniya da Amurka. Ɗalibin Maraɗi da ya zaɓi wannan batu domin bincike zai iya yin aikin daga gida, muddin ya bi shi daki-daki.

Abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya fahimci wasan kansa, domin wanda bai san ƙa'ida ba zai karanta sakamako a juye. Hurling ɗan'uwan ƙwallon gora ne, amma ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare yana da mutum 15, kowa yana riƙe da sandar katako mai faffaɗan kai, ana kuma bugun wata ƙaramar ƙwallon fata da suke kira sliotar a ƙasa da kuma a iska. Idan ƙwallo ta shiga raga an sami maki uku, idan ta bi ta saman sandar gicciye tsakanin dogayen turaku biyu an sami maki ɗaya. Saboda haka ake rubuta sakamako da lamba biyu: wanda aka rubuta masa 2-10 yana da maki 16, kuma wanda yake da 1-14 ya doke shi da maki ɗaya, ko da yake ya fi shi ƙarancin zura ƙwallo a raga. Ƙungiyar da ke kula da wasan ita ce GAA, wadda aka kafa a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884, kuma har gobe ƴan wasanta ba sa karɓar albashi. A 2018 hukumar UNESCO ta shigar da hurling cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Daga nan sai a shata iyakar binciken. A cikin Ayalan akwai Kofin Fitzgibbon, wanda jami'o'in ƙasar suke takara a kansa tun 1912, kuma an sa masa sunan Edwin Fitzgibbon, malamin falsafa a jami'ar Cork wanda ya ba da kyautar kofin. Wannan gasa ta gida ce, tarihinta kuma yana rubuce. Wadda take bukatar mai ceto ita ce ta waje, kuma ita ma ba iri ɗaya ba ce. A Birtaniya mafi yawan ƴan wasan samari ne da suka taso da sanda a hannu, suka tsallaka teku domin karatu. A Amurka kuwa ƙungiyoyin jami'o'i da dama sun cika da ɗaliban da aka haifa a can, waɗanda wasunsu ba su taɓa riƙe sandar ba sai da suka shiga jami'a. Shawarata ita ce a ɗauki ƙasa ɗaya, a bar ɗayar sai wani jiƙon, domin haɗa su zai sa a yi ta tsalle-tsalle ba a nutsa ko'ina ba.

Ƙashin bayan aikin shi ne jadawalin shekaru, kuma a nan ne ya dace a ɓata mafi yawan lokaci. A buɗe littafi mai layi ko shafin lissafi a kwamfuta, a ware wa kowace shekara layi guda, a tanadi gurbin ranar wasan ƙarshe, da fili, da wanda ya ci, da wanda aka doke, da sakamako, da yawan ƙungiyoyin da suka shiga, da kuma inda aka samo kowane bayani. Kada a cika gurbi da alƙalami sai majiya biyu da ba su kwafi juna ba sun yi daidai. Abin da majiya ɗaya ce kawai ta faɗa a rubuta shi da fensir. Tarko na farko shi ne shekara. Zangon karatu yana farawa a wata shekara ya ƙare a ta gaba, don haka wani zai kira gasa da shekarar da aka buɗe makaranta, wani kuma da shekarar da aka ɗaga kofi, sai mai bincike ya zaci gasa biyu ce. Tarihin hurling kansa yana da misali mai kyau a kan wannan: ƙungiyar Landan, wadda ƴan ci-ranin Ayalan suka kafa, ita ce zakarar gasar ƙasar Ayalan ta 1901, amma sai a 1903 aka buga wasan ƙarshen da ta doke Cork a cikinsa. Tarko na biyu shi ne suna. A 1992 kwalejojin fasaha da yawa na Birtaniya sun zama jami'o'i sun sauya suna, kamar yadda Jami'ar Maraɗi ta koma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma wanda bai lura ba zai raba nasarorin makaranta ɗaya gida biyu. Akwai kuma batun yawan ƴan wasa, domin a ƙasashen waje ba kullum ake samun mutum 15 ba, sau da yawa ana rage adadin, ana gajarta lokaci, a gama gasar a cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma makarantu biyu na gari ɗaya su haɗa ƙungiya guda. Duk wannan a rubuta shi a gefen layi, domin kofin da aka ci da mutum tara ba daidai yake da wanda aka ci da cikakkiyar ƙungiya ba.

Majiyoyin rubutu suna warwatse. A nemi ƙananan littattafan shirin gasa da ake rabawa ranar wasa, da rahoton shekara na sakataren ƙungiya, da jaridun ɗalibai, da jaridar Irish Post da ake bugawa a Landan tun 1970 domin ƴan Ayalan mazauna Birtaniya. Kada a manta da ƙananan jaridun garuruwan Ayalan, domin sun saba ba da labarin ɗan garinsu idan ya yi abin kirki a waje. Shafukan Facebook na ƙungiyoyin ɗalibai suna da amfani matuƙa, sai dai suna mutuwa da zarar mai riƙe da kalmar sirri ya kammala karatu, saboda haka duk abin da aka gani a ɗauki hotonsa nan take tare da kwanan wata, a ajiye a wuri biyu. Tsofaffin shafukan intanet da aka rufe ana iya samun wasunsu a rumbun Wayback Machine. A kuma sani cewa GAA tana rubuta sunaye da harshen Ayalan a takardunta na hukuma, inda Cork take zama Corcaigh, Landan kuma Londain, haka sunayen mutane ma suke sauya kama.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma hira da waɗanda suka yi gasar ita ce za ta sa wa jadawali nama. A rubuta wa sakataren ƙungiya takarda cikin ladabi, a bayyana suna da makaranta da manufar binciken, a roƙe shi ya haɗa mai bincike da tsofaffin ɗalibai. Ana iya yin hirar ta WhatsApp. A lokacin sanyinsu agogon Ayalan da Birtaniya yana bayan namu da awa ɗaya, a lokacin zafinsu kuwa daidai muke. Kafin a fara naɗar murya a nemi izini a fili, a kuma tambayi mutum ko ya yarda a ambaci sunansa. Tambayar wa ya ci ba ita ce mai muhimmanci ba, tun da takarda za ta amsa ta. A tambayi wanda ya fara tara mutane, da yadda aka samo sanduna daga gida tun da kantunan garin ba sa sayar da su, da wanda ya biya kuɗin motar zuwa fili irin Páirc na hÉireann da ke kusa da Birmingham, da inda aka yi atisaye a makarantar da ba ta da filin hurling. A nemi ma'aji da mai wanke riguna kamar yadda ake neman kyaftin, a kuma nemi matan da ke buga camogie, wato hurling na mata, domin galibi tafiya ɗaya ake yi da su. GAA da kanta ta bi wannan hanya lokacin cikarta shekara 125 a 2009, inda ta haɗa kai da Boston College, wata jami'ar Amurka, aka naɗi muryoyin membobinta na gida da na waje. Duk da haka tunanin ɗan Adam yana zamewa, wanda ya ci yakan ƙara gishiri, wanda aka doke yakan tuna laifin alƙalin wasa kaɗai, don haka kowace magana a gwada ta da jadawali.

Idan an sami wanda kofin yake hannunsa, a roƙe shi ya ɗauki hoton gindinsa ta kowane gefe, domin sau da yawa ana zana sunayen zakaru da shekarunsu a jiki.

Wajen rubutawa a bi shekaru a jere, amma a dakata a inda aka sami sauyi: shekarar da ƙungiyoyi suka ƙaru, da wadda aka koma wani fili, da lokacin annobar korona da ta rufe makarantu a 2020. Shekarar da ba a buga gasa ba a faɗi dalili idan an same shi, a kuma bambanta ta da shekarar da aka buga amma sakamakon ya ɓata. Kafin a fitar da aikin a aika wa kowane mutum da aka yi hira da shi sashen da ya shafe shi domin ya gyara kuskure. Bayan haka a kai kwafi ɗaya ɗakin karatu na jami'a a nan Maraɗi, a aika wani ga ƙungiyar da aka rubuta tarihinta tare da jadawalin a siffar da sakatare na gaba zai iya ƙara layi a kai. Ɗalibanmu da ke karatu a Aljeriya da Maroko da Najeriya, waɗanda suke shirya wasanni a tsakaninsu, za su iya ɗaukar wannan jadawali yadda yake, su fara cika layin bana tun waɗanda suka shirya gasar ba su tattara kayansu sun dawo gida ba.