Sikirif ɗinka ya ƙi tashi? Ga inda masu koyo suka fi yin tuntuɓe

Yawancin masu koyon rubuta manhaja da ke kawo mini kuka, matsalarsu ba ta cikin abin da suka rubuta. Sikirif ɗin, wato fayil ɗin umarnin da suka rubuta, lafiyarsa ƙalau, yadda suke kiransa ne ba daidai ba. Sai mutum ya kwana yana canza layi, alhali kwamfutar ko buɗe fayil ɗin ba ta kai ga yi ba.

Wanda na fi gani shi ne buga `python gaisuwa.py` a gaban alamar `>>>`. In ka ga alamar nan, ka riga ka shiga cikin Python, yana jiran ka yi masa magana da yarensa, shi ya sa yake mayar maka da `SyntaxError`. Rubuta `exit()`, ka koma taminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, sannan ka kira fayil ɗin. In kuma aka ce maka `No such file or directory`, to kana wata folda ne, fayil ɗin yana wata. Shiga inda yake da `cd`, ka duba da `dir` a Windows ko `ls` a Linux. A nan wasu ke gano cewa sunan fayil ɗinsu `gaisuwa.py.txt` ne, domin Windows na ɓoye wutsiyar suna sai ka ce ya nuna.

Idan Windows ya ce bai san `python` ba, galibi an tsallake ɗan akwatin `Add python.exe to PATH` ne lokacin girkawa. PATH shi ne jerin foldojin da kwamfuta ke dubawa in ka kira umarni. Gwada `py` tukuna. A Linux da macOS kuwa `python3` ake kira. Wanda ke da Python biyu a kwamfuta ɗaya yakan girka laburare, wato kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta, a ɗaya, ya tashi sikirif da ɗayan, sai ga `ModuleNotFoundError`. Maganinsa `python -m pip install`, don kayan su sauka a gidan wanda kake aiki da shi.

Akwai wanda ke ba ni tausayi ƙwarai. Ɗalibi yana koyon `random`, laburaren Python mai zaɓo lamba ta kan mai uwa da wabi, sai ya sa wa fayil ɗinsa suna `random.py`. Python na fara duba foldar da sikirif yake kafin ya je rumbunsa, don haka `import random` sai ya ɗauko fayil ɗin ɗalibin, ya ce babu `randint` a ciki. Babu layi ɗaya da ya karkace. Canza sunan fayil kawai.

Ka kuma lura da shekarun darasin da kake bi. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020. In ka ga `print "sannu"` babu baka, tsohon darasi ne, nemi wani.

A Linux, `Permission denied` na nufin fayil ɗin bai da izinin tashi: `chmod +x aiki.sh`, sannan `./aiki.sh`. Masu koyo a waya da Termux, manhajar taminal ta Android, su sani cewa wannan izinin ba ya kamawa a ma'ajiyar waya ta gama-gari, sai dai a ce `bash aiki.sh`. In ka ga `^M` a cikin saƙon kuskure, a Windows aka rubuta fayil ɗin, ƙarshen layukansa daban ne, umarnin `dos2unix` zai gyara.

Sai matsalarmu ta gida, wadda darussan Turanci ba su cika taɓawa ba. Ka buɗe fayil a Windows da `open("suna.txt", "w")`, ka zuba masa kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ, sai `UnicodeEncodeError` ya tare ka. Dalili shi ne a kwamfutoci da yawa Windows na amfani da tsohon tsarin haruffa na cp1252, wanda babu haruffanmu masu lanƙwasa a cikinsa. Na ga masu cire lanƙwasar don sikirif ya wuce, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Don Allah kada ka yi haka. Ƙara `encoding="utf-8"` a cikin `open`, wajen rubutawa da wajen karantawa, shi ke nan.

Daga nan ne wasu ke fushi su ce Python ya gagara, bari su koma JavaScript. Ana gudun gara ne a tadda zago, domin folda da PATH suna can suna jiranka a Node, manhajar da ke tashin JavaScript a kwamfuta. Canza yare don aiki ya buƙata daidai ne: shafin intanet na son JavaScript, sarrafa fayiloli a sabar Linux na son Bash, yaren taminal ɗin Linux. Amma hannu yakan tafi da tsohuwar al'ada. A Python `x = 5` daidai ne, a Bash kuwa tazarar nan za ta sa ya ɗauki `x` a matsayin umarni, sai an haɗe `x=5`. Python na rubuta `True` da `None`, JavaScript na rubuta `true` da `null`.

Waɗannan masu sauƙi ne, tunda suna ihu. Abin tsoro shi ne wanda ke wucewa shiru. Haɗa `"5" + 3` a Python, zai tsaya ya ce `TypeError`. JavaScript zai ba ka `"53"` ya ci gaba da tafiya, kuma duk abin da ka karanto daga akwatin fom rubutu ne, ba lamba ba. In lissafin kuɗin shago kake yi, sai ka ga jimla ta haura ba dalili, don haka ka bi da shi ta `Number()` kafin ka tara. Haka jerin da babu komai a ciki: `if []` ƙarya ne a Python, gaskiya ne a JavaScript. A can sai ka duba `jeri.length === 0`.