Kurakuran da ake yi wajen ƙawata kuben takobi da kuɗi kaɗan

Na gaji da ganin kube mai kyan gani wanda takobi ba ya shiga, ko ya shiga ya ƙi fita. Kusan kullum ba rashin kuɗi ne ya jawo ba, gaggawa ce.

Babbar ɓarna daga danshi take zuwa. Fatar da ake rufe katakon kube da ita sai an ɗan jiƙa ta kafin ta lanƙwasu ta karɓi zane, gam ɗin katako ma ruwa ne a cikinsa. Sai ka ga ɗan koyo ya gama ɗinki, ya zura takobi ya rataye, wai don kube ya zauna daidai. Haka wani yaro da ke koyo a wurina ya yi da takobin mutane. Da ƙyar muka zare shi. Tsatsa ta bi shi tun daga tsini, ga tabo baƙi-baƙi da duk gugar da muka yi ba ta fitar ba, ƙarshe ni na biya mai shi. Haba! Yaushe ƙarfe da ruwa suka taɓa shiri? In tsoronka kada fata ta matse katakon wajen bushewa, fere sanda daidai kaurin takobin ka cusa, ka ajiye a inuwa. Ni ba na mayar da takobi sai na ɗora bayan hannu na ji fatar ta daina sanyi, shi ma sai na shafa masa mai.

Sai masu yanko fatar tsohuwar jaka ko kujera. Arha kam akwai, amma yawancinta jimar sinadari ce: ka danna zane ya tashi, gishirin jimar kuma yana cin ƙarfe. Nemi ragowar fatar da aka jeme da bagaruwa a wurin dukawa, marar kauri, kamar milimita 1. Ɗiga mata ruwa. In ta shanye ta yi duhu, ita ce.

Ku kuma masu liƙa duwatsun roba, ku ji tsoron Allah. Ado mafi arha a ƙarƙashin fata ake yin sa. Manna siririyar igiya a kan katakon yadda kake son zanen ya fito, ka rufe da fata mai danshi, ka bi gefen igiyar da gindin cokali. In ta bushe, zanen ya tsaya ke nan.

Baƙin rini ma ba sai ka saya ba. Jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwan khal, wato binega, mako 1 ko 2, ka shafa wa fatar bagaruwa, nan take za ta yi baƙi. Ka ɗauraye da ruwan kanwa kaɗan don kashe tsamin.

Kada ka shafa wa fata mai kafin rini, ba zai kama ba. Sufa gulu yana sandarar da fata har ta tsage. Ɗinki a bayan kube yake zama. Cikin katakon kuwa da wuƙa nake kankare shi, don yashin samfefa in ya maƙale a ciki, duk zarewa sai ya karce takobin.