Babi na Tara: Tafiya a Jirgin Sama da Kayan Kamun Kifi

Darasi na 1: Jaka iri biyu

Mai shiga jirgin sama yana da jaka iri biyu. Ta farko ita ce babbar jaka. Ita kake miƙawa a kanta, a ɗora ta a sikeli, a manna mata takarda, a wuce da ita ma'ajiyar kaya a ƙasan jirgi. Ba za ka sake ganinta ba sai kun sauka. Ta biyu ita ce jakar hannu, wadda kake shiga da ita har kujerarka.

Ɗauko takardar tikitinka. Nemo lamba mai haruffa biyu a gefenta, K da G. Idan ka ga 23KG, ana nufin kada babbar jakarka ta wuce kilo 23. Idan ka ga 1PC, jaka ɗaya aka ba ka. 2PC, jaka biyu. Kowane kamfani da nasa tsari, don haka naka tikitin za ka karanta, ba na abokin tafiyarka ba. Ɗora yatsa a kan lambar, ka karanta a fili. In ka yi tuntuɓe ba komai, sake karantawa a hankali.

Darasi na 2: Ina ƙugiya take shiga?

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka nan za mu daɗe.

Ƙugiya tana shiga babbar jaka. Wuƙa, babbar jaka. Almakashi, filaya da kan mashi, duka babbar jaka. Duk abin da zai iya yanka ko ya soki mutum, wurinsa babbar jaka.

Ga dalili. Bayan ka miƙa babbar jakarka, za ka bi ta wurin jami'an tsaro, a saka jakar hannunka a na'urar da ke nuna abin da ke ciki. In aka ga wuƙa za a karɓe ta. A lokacin babbar jaka ta riga ta tafi, ba ka da inda za ka mayar da ita. Ka yi asara ke nan.

Wani zai ce ai akwai ƙasashen da ke barin ƙananan ƙugiyoyi a jakar hannu. Gaskiya ne, amma jami'in da ke tsaye a ranar shi ke yanke hukunci, kuma ba a jayayya da shi.

Soke bakin kowace ƙugiya a cikin soso ko toshiyar kwalba. Zuba su a gwangwani mai murfi, ka naɗe da salatif. Wuƙa a cikin kubenta. Ana buɗe jaka a bincika da hannu, kada kayanka su ji wa ma'aikaci ciwo. Sai ka sa gwangwanin a ina? A babbar jaka.

Yanzu laluba aljihun riga da na wando. Cire hularka ka duba, domin masunta da yawa a jikin hula suke maƙala ƙugiya su manta. Duba ƙaramin zif na jakar hannu. Madalla, kana ƙoƙari.

Amma haba jama'a! In na yi tambaya a aji kowa ya amsa daidai, in na ba ku jaka ku shirya sai ga wuƙa a jakar hannu, wai don kada ta ɓace. Ba karatu ne ya gagare ku ba, gaggawa ce. Ku dattawa ne, bai kamata ana maimaita muku magana ɗaya kullum ba. A sake faɗa: ƙugiya da wuƙa, babbar jaka.

Darasi na 3: Sandar fatsa

Kwance sandar gaɓa-gaɓa, ka naɗe da tsumma, ka zura a bututun roba mai tauri, ka toshe bakinsa biyu. Cire abin naɗe zare ka sa shi tsakiyar tufafi. Kamfanoni da yawa suna haɗa tsawo da faɗi da tsayin kaya, in ya wuce santimita 158 a biya ƙari. Auna bututunka, ka kira kamfanin tun kafin ranar tafiya. Darmar da ake ɗaura wa fatsa don ta nitse tana da nauyi, ɗauki kaɗan.

Darasi na 4: Batir da mai

A nan an juya. Batirin litiyam na ajiya, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, jakar hannu suke shiga, saboda suna iya kama wuta. A mafi yawan filayen jirgi, abu mai ruwa a jakar hannu kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Fetur da tukunyar gas ba sa shiga kowace jaka.

Darasi na 5: Tsabta

Wanke koma, wato ragar kamun kifi, da takalman ruwa, ka shanya su bushe sarai. Ostareliya da New Zealand suna bukatar ka bayyana kayan kamun kifi idan ka sauka. Kada ka ɗauki tana, wato tsutsar da ake sa wa ƙugiya.

Darasi na 6

Je filin jirgi da wuri, awa 3 kafin tashi in ƙasar waje za ka. Adana 'yar takardar da aka ba ka ta kaya.

Aiki: rubuta sunanka da lambar wayarka a takarda biyu, ɗaya a cikin jaka, ɗaya a jikin bututu.